Nono Nawa Ne a Hantsar Saniya? Sharhi a Kan Fim Ɗin Man with a Plan

A Amurka, wanda yake son tuƙa babbar mota sai ya nuna lasisi, wanda yake son buɗe shagon aski sai ya nuna shaidar horo. Amma mai neman kujera a Majalisar Wakilai ta ƙasa, abu uku kawai tsarin mulki ya nema a wurinsa: ya kai shekara 25, ya shekara 7 yana ɗan ƙasa, ya kuma kasance mazaunin jihar da zai wakilta. Babu maganar takardar makaranta ko kaɗan, saɓanin Nijeriya inda sashe na 65 na tsarin mulki ya ce sai mutum ya kai matakin sakandare ko makamancinsa. Albashin wannan kujera a 1996 dala 133,600 ne a shekara. A kan wannan 'yar kafa John O'Brien ya gina fim ɗinsa mai suna Man with a Plan, wato mutumin da ke da shiri, wanda ya fito a wannan shekarar.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Fred Tuttle tsoho ne mai gonar shanun tatsa a Tunbridge, wani ƙaramin gari cikin tsaunukan jihar Vermont, can arewa maso gabashin Amurka. Gona ta durƙushe, haraji ya taru, ga mahaifinsa da ya haura shekara 90 yana bukatar tiyata a ƙugu. Fred ya bar makaranta tun yana aji goma, ba shi da takarda, ba shi da mai tsaya masa. Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga aikin da zai ba mutum irinsa wannan kuɗi ba sai majalisa. Sai ya fito takara, ya kara da ɗan majalisa mai ci, mai kwat da santsin baki, ya kayar da shi da ƙuri'a ɗaya tak. Abin da ya raba fim ɗin da sauran shi ne Fred ba ɗan wasa ba ne. Sunansa ne na yanka, an haife shi a Tunbridge a 1919, ya je yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya ci gaba da tatsa har gwiwoyi suka gaza. Tsohon da ya fito a matsayin mahaifinsa, mahaifinsa ne na haƙiƙa. O'Brien kuwa maƙwabcinsu ne, makiyayin tumaki da ya yi karatu a Harvard ya koma gida, kuma wannan ne na biyu cikin finafinai uku da ya yi a garin, da mutanen garin.

Bari mu fara da abin da fim ɗin ya yi daidai, domin ba kaɗan ba ne. Labaran siyasa irin wannan sun saba turo mana mutumin karkara da zuciya fara sol, ya tafi birni ya kunyata azzalumai da gaskiyarsa. Amurkawa suna da uban irin wannan labari, Mr. Smith Goes to Washington na Frank Capra, na 1939. O'Brien ya ƙi bin wannan hanya. Fred bai ce jama'a ne suka matsa masa ya fito ba, jimlar da kunnuwanmu suka gaji da ji duk kakar zaɓe. Bai ce zai ceto kowa ba. Kuɗi yake so, kuma ya faɗa. Da zarar ɗan takara ɗaya ya furta wannan a fili, sai duk sauran masu takara su koma abin tuhuma, tunda mai kallo zai fara tambayar kansa ko bambancinsu da Fred bai wuce iya ɓoyewa ba. Wannan ita ce allurar fim ɗin mafi tsini, kuma an soka ta ba tare da wani ya tsaya yana wa'azi ba.

Na biyu shi ne yadda kyamara take kallon tsohon. Fred yana magana da karin harshen tsaunin Vermont mai kauri, wanda Ba'amurken wata jihar ma sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci kalmomin. Ga tabarau masu kauri, ga wandon aiki mai igiya a kafaɗa, ga hula mai ɗauke da sunansa. Duk kayan da ake bukata don a mai da mutum abin dariya sun haɗu. Masu kallon finafinan Hausa sun san wannan tarko: an daɗe ana fito mana da ɗan ƙauye ko Bafillatani da sanda a kafaɗa, a sa masa gurɓatacciyar Hausa a baki, dariyar kuma ta ƙare a kansa. O'Brien ya kauce wa wannan da haƙuri. Yana barin Fred ya gama maganarsa ko da ta yi tsawo ta karkace, ba ya yanke shi don ya ɗauko mana abin dariyar kaɗai. An ɗauki fim ɗin kamar rahoton gaskiya, mutanen gari suna amsa tambaya da bakinsu, kuma ana jin cewa mai riƙe da kyamarar gobe ma zai haɗu da su a shago. Tsokanar da ke ciki irin ta taubasai ce, wadda mai yi da wanda ake yi wa duka suka san iyakarta.

To, amma akwai abin da ya ɓace, kuma shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Fim ne a kan mai shanun tatsa, sai dai madarar kanta ba ta da gurbi a cikinsa. An nuna mana gona ta mutu kamar yadda ake nuna fari ko ambaliya, abin da ya sauko daga sama babu hannun kowa. Alhali ƙananan gonakin tsaunin Vermont ba mutuwar Allah da Annabi suka yi ba. A shekarun 1950 zuwa 1960 kamfanonin sayen madara suka daina karɓar ta a gwangwanaye, suka ce sai manomi ya girka babban tankin sanyaya madara wanda motar tanka za ta zo ta zuƙe, ga kuma sababbin dokokin tsafta da suka tilasta a dandaɓe ɗakin shanu da siminti. Mai saniya goma sha biyar a ƙarshen hanyar da mota ba ta iya hawa, ina zai samo kuɗin? Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan salon kisa: ba a cewa an kore ka, sai dai a sauya ƙa'idar da ake haɗuwa a kanta, a wayi gari tsohuwar wayarka ba ta iya buɗe komai. A 1986 kuma gwamnatin tarayya da kanta ta biya manoma kuɗi su sayar da garkensu ga mahauta ko a fitar da shi ƙasar waje, su bar sana'ar na shekara biyar, don a rage yawan madara a kasuwa. Jihar da ke da gonakin madara fiye da 11,000 a ƙarshen shekarun 1940, yau ba ta da 600.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa shawara ce da wasu mutane suka yanke a wani ofis. Babu kuwa manomin da siyasa ta riƙe wa wuya kamar mai madara. Mai masara yana iya zuba ta a rumbu ya jira farashi ya tashi. Saniya sai an tatse ta safe da yamma, ko ranar biki ko ranar jana'iza, abin da aka tatsa kuma ba ya jira. Saboda haka mai saye ne ke da wuƙa da nama, shi ya sa tun dokar 1937 gwamnatin Amurka take da hannu a tsara mafi ƙarancin farashin da za a biya manomi. Nan ne labarin gaske yake kwance. Mai shanun tatsa a karkarar Amurka galibi ɗan ra'ayin riƙau ne: yana son gwamnati ta rage haraji, ta cire hannunta daga gonarsa, ta tsare iyaka. Amma farashin madararsa gwamnati ke tallafe da shi, kuma a yau hannun da ke tatsar shanunsa sau da yawa na baƙo ne da ya tsallako wannan iyakar. Mutumin da ke ɗauke da waɗannan biyu a ƙirji ɗaya, ya kuma tsaya gaban jama'a yana neman ƙuri'a, shi ne gwarzon labarin da ya kamata a ba mu. O'Brien ya zaɓi tsoho wanda ya riga ya ajiye bokiti, wanda babu sauran abin da zai saɓa wa kansa a kai. Sai aka samu fim mai daɗi, ga ganyen kaka ja da rawaya a kan tsaunuka, irin hoton da baƙi masu yawon buɗe ido suke saye su tafi da shi.

Abokin hamayyar ma an yanka shi ne daga kwali. Ɗan birni mai kwat a gefe guda, ɗan ƙasa mai taki a takalmi a ɗaya gefen, a zaɓi ɗaya. Amma Vermont kujera ɗaya tak take da ita a Majalisar Wakilai, kuma a shekarar da fim ɗin ya fito Bernie Sanders ne a kanta, haifaffen Brooklyn ta birnin New York, mai kiran kansa ɗan gurguzu, wanda har yau harshensa bai bar karin unguwarsu ba. Mutanen jihar suna da sunan tsokana da suke kiran irinsa, mai nufin mutumin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wanda bai san tsauni ba. Duk da haka shi suka yi ta zaɓa daga 1990 har ya wuce Majalisar Dattawa a 2007. Ashe masu ƙuri'ar sun fi fim ɗin da aka yi a kansu zurfin ciki.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce fim ne mai kyau da ya ji tsoron abin da ke gabansa, mu wuce. Sai dai a 1998 labarin ya tsallako daga allo ya faɗo cikin rumfar zaɓe. Jam'iyyar Republican tana neman wanda zai kara da Sanata Patrick Leahy na Democrat, wanda ke kan kujera tun 1975. Wanda ya fito shi ne Jack McMullen, attajiri mai ba kamfanoni shawara, da bai daɗe da maido zamansa daga jihar Massachusetts ba. O'Brien ya ga dama biyu a lokaci ɗaya, ta tallata fim da ta nuna wa baƙon iyakarsa, bai kuma ɓoye ko ɗaya ba. Ya shigar da Fred zaɓen fid da gwani yana da shekara 79. Ɓangaren McMullen suka ƙalubalanci sa hannun da Fred ya tara don sunansa ya hau takardar ƙuri'a, aka soke wasu, ya rage masa 23. Ya dawo da fiye da 2,000. McMullen ya kashe dubban ɗaruruwan daloli, Fred bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, har da wata liyafar tara kuɗi da aka sayar da faranti a kan santi 5.

Sai ranar muhawara a rediyo. Fred ya miƙa wa abokin takararsa sunayen garuruwan jihar ya ce ya karanta. Akwai garin da ake rubutawa Calais, kamar na Faransa, amma 'yan Vermont suna furta shi kusan kamar "Kalas". McMullen ya yi tuntuɓe. Daga nan Fred ya tambaye shi: nono nawa ne a hantsar saniya? McMullen ya ce shida. Huɗu ne. A watan Satumba Fred ya lashe zaɓen da kusan kashi 55 cikin 100.

Wannan tambaya ta fi duk wani abin da ke cikin fim ɗin shahara, kuma ta cancanci a zauna a kanta. Duk mai waya ya taɓa cin karo da irinta: kana son shiga wani shafi a intanet, sai a jero maka hotuna a ce ka taɓa waɗanda ke da fitilar hanya ko keke. An gina jarrabawar ne ta zama wasa ga ɗan'adam, ta zama dutse ga na'ura. A sana'armu ana raba abu biyu da mutane suke yawan haɗawa: tantance ko wane ne kai, da tantance me ya dace a bar maka a hannu. Hotunan fitilar hanya na farkon kawai suke yi. Ɓarawo ma yana iya cinye su, tunda shi ma mutum ne. Tambayar Fred haka take. Ta tabbatar da cewa McMullen bai taɓa durƙusawa gindin saniya ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son wakiltar jihar da madara ce ƙashin bayan nomanta. Wanda bai damu ya san wannan ba, da wuya ya damu ya san sauran. Amma amsar "huɗu" ba ta gaya mana ko mai ba da ita zai iya karanta dokar noma mai shafi ɗaruruwa ya gano layin da zai kashe maƙwabcinsa ba. Muna jin daɗin tambayar ne saboda ta rama mana wulaƙancin da masu takardu suka daɗe suna yi wa marasa ita. Ramuwa kuwa daban, wakilci daban.

Akwai kuma wani ɗan ƙaiƙayi da ba ma son mu tsallake. A Vermont ba a rajistar jam'iyya, kowane mai ƙuri'a yana iya zaɓar takardar jam'iyyar da ya ga dama ranar fid da gwani. Saboda haka cikin waɗanda suka zaɓi Fred akwai manoma da suka ji haushin baƙo, akwai kuma magoya bayan Leahy da suka ga hanyar kawar masa da abokin hamayya mai kuɗi. Ga darakta yana jan ragamar kamfe, ga gidajen talabijin na ƙasa suna gayyatar tsohon don masu kallon dare su yi nishaɗi. A cikin fim, maƙwabci ne ke riƙe da kyamara. A waje, kyamarorin na mutanen da ba za su sake taka Tunbridge ba ne, kuma ba mu da tabbacin dariyar taubasai ce suka yi.

Wanda ya fitar da kowa kunya shi ne Fred da kansa. Bayan ya karɓi tutar Republican, sai ya ce shi dai Leahy yake goyon baya, ba ya son zama a Washington, matarsa ma ba ta so. Suka riƙa zuwa makarantu tare, ɗan takara da abokin hamayyarsa. A watan Nuwamba Leahy ya samu kusan kashi 72, Fred kusan 22. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙarshen wasa, amma a duba abin da ke ƙasa. A dokar noma ta 1996, shekarar da fim ɗin ya fito, Leahy yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har majalisa ta amince jihohi shida na yankin New England su haɗu su ƙayyade mafi ƙarancin farashin madarar sha, sama da na tarayya. Tsarin ya fara aiki a 1997, kamfanonin sarrafa madara da 'yan majalisar jihohi irin su Wisconsin suna yaƙarsa, ya kuma mutu a ƙarshen Satumba 2001 da majalisa ta ƙi sabunta shi. Wato a daidai lokacin da ake dariyar nono shida, abin da zai sa ƙaramar gona ta kwana ko ta rufe yana hannun wani lauya da ya san lungunan Majalisar Dattawa. Tsohon da ya san hantsa ya duba, ya ce wancan ya fi ni iya wannan aikin. A ganinmu wannan shi ne fage mafi kyau a duk labarin Fred Tuttle, kuma babu shi a fim, domin ya rushe abin da fim ɗin ya ƙare a kai. Allo ya ba shi kujera da ƙuri'a ɗaya, shi kuwa da kujerar ta matso da gaske sai ya ture ta.

Masu shanun da suka karɓi kujerar da gaske sun nuna irin labarin da aka bari a ƙasa. David Valadao na Kalifoniya ɗan baƙi ne daga tsibiran Azores na Fotugal, ya tashi a gonar madara, ya shiga majalisar jiha a 2010 a Republican, ya wuce ta tarayya a zaɓen 2012. A 2018 masu bin bashi suka karɓe wata gonar madara da yake da hannun jari a ciki, a shekarar kuma ya faɗi zaɓe da ƙuri'un da ba su kai 1,000 ba. Ya dawo a 2020, ya zama ɗaya daga cikin 'yan Republican goma da suka kaɗa ƙuri'ar tsige Donald Trump a Janairun 2021. Ya kuma goyi bayan ƙudurin da zai ba leburorin gona marasa takarda hanyar zama bisa doka, abin da akasarin jam'iyyarsa suka ƙi. Bizar leburorin gona ta Amurka ta aikin kaka ce, tatsa kuwa ba ta da kaka, don haka mai shanu ya san abin da ɗan jam'iyyarsa na birni bai sani ba. Bashi, faɗuwa, jam'iyya a hannun dama, garke a hannun hagu: marubuci zai yi shekara yana ci daga wannan akushi.

Tsohon maƙwabcinsa a majalisa, Devin Nunes, shi ya nuna ɗaya fuskar, inda saniya ta koma bajen da ake maƙalawa a riga. Ya fito daga gidan masu madara, ya kuma sha tuna wa masu zaɓe haka, ko da yake iyalinsa sun daɗe da maida gonarsu jihar Iowa. Wani ya buɗe shafin barkwanci a Twitter da sunan saniyar Nunes, yana magana da bakinta. A Maris 2019 Nunes ya kai ƙarar kamfanin da masu shafukan da ke tsokanarsa, yana neman dala miliyan 250. Kafin ƙarar, mabiyan saniyar ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Cikin kwanaki suka haura dubu ɗari shida, suka zarce nasa. A 2020 alƙali ya cire Twitter daga ƙarar.

Fred ya rasu a watan Oktoba 2003, aka binne shi da wandon aikinsa da biro a aljihu, wanda yake sa wa masoya hannu da shi. McMullen ya sake fitowa a 2004, ya samu tutar da ta kuɓuce masa, Leahy ya kayar da shi. Gonakin da suka rage a Vermont sun ƙara girma, kuma da yawa daga cikin masu tashi ƙarfe huɗu na asuba su saka wa shanun injin tatsa 'yan Meziko ne da Amurka ta Tsakiya. Sai a Oktoban 2017, bayan shekaru ana gangami, kamfanin Ben & Jerry's ya sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyarsu ta Migrant Justice a kan hutu da albashi da wurin kwana a gonakin da ke ba shi madara. Kowane ɗaya daga cikinsu zai amsa tambayar Fred ido rufe, kuma akasarinsu ba su da ƙuri'a a jihar.